Ranar Canjin Kibod a Farkon Hunturu

Asabar, makon farko na Disamba, Maraɗi.

Da na fito daga masallaci bayan sallar asuba na tarar hazo ya sauka sosai, har fitilun bakin titi suka zama kamar an lulluɓe su da farin ƙyalle, ko da na shafa sirdin babur kuwa sai tafin hannuna ya tashi fari fat. Nan take na san yau ce ranar canjin kibod, aikin da nake yi sau huɗu a shekara, ba da bin kalanda ba, sai da bin abin da yanayin garin nan ya zo da shi. Saboda haka ban karɓi aikin bugun takarda na kowa ba yau, har ɗaliban jami'a biyu da suka kawo kundin bincikensu na roƙe su su dawo ranar Litinin.

Kibod shida gare ni, dukansu irin waɗanda kowane maɓalli yake da nasa sifirin a ƙarƙashinsa, galibi a cikin ɗan makunnin da ake kira suwic, saɓanin na kasuwa da ake shimfiɗa wa roba guda a ciki. Ɗaya ne kawai yake zama a kan tebur, sauran biyar kuma suna kwance a cikin tsohuwar adakar ƙarfe da na gada daga mahaifina. Na ɗora adakar bisa benci a ƙuryar ɗaki, nesa da taga da kuma ƙasa, domin gara ta taɓa cinye mini kwalaye biyu a wata damina, tun daga lokacin na daina amincewa da kwali. Kowane kibod yana da jakarsa ta atamfa wadda tela ya ɗinka mini daidai tsawonsa, a bayan jakar kuma akwai leda mai kauri. Ba na ɗora wani a kan wani kai tsaye, domin nauyi yana danne maɓallai wata da watanni, sai na sa katako siriri a tsakani wanda yake hawa kan wasu ƴan sanduna na gefe.

Wanda na sauke daga tebur yau shi ne mai jikin alminiyam, wanda na yi aiki da shi tun ƙarshen damina. Ina son sa ƙwarai, amma ba shi da sa'a da hunturu saboda dalilai biyu. Na farko, suwic ɗinsa irin masu santsi ne, kuma ni da kaina na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na shafa musu mai, shi kuwa mai da ƙurar hunturu idan suka haɗu sai su zama kamar kunun yashi, maɓallin da yake sauka lau ya koma yana ƙarta. Na biyu, idan iska ta bushe jikin mutum yana tara wutar nan da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, kuma bara sau da dama ina miƙa hannu sai ta finciki yatsana, kibod ɗin ya ɗauke na ɗan lokaci. Ban ga dalilin jefa masa allon lantarkinsa cikin wannan haɗari ba alhali ina da wanda ya fi shi juriya.

Na shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki, na rufe taga, na tsige hulunan maɓallan duka da ɗan abin tsigewa mai waya biyu, na zuba su a kwano da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan. Abin da na gani a ƙarƙashinsu ya ishe ni shaida: jan yashi ya kwanta a tsakanin layuka, ga ɓawon gyaɗa, ga gashin gemu, har da ƙafar kyankyaso guda a kusa da dogon maɓallin tazara. Na bi da buroshi mai laushi, sannan na hura da ƴar robar hura iska irin ta masu gyaran waya. Da baki ba a hurawa, domin numfashi yana ɗauke da danshi. Hulunan kuma a inuwa na shanya su, tun da na roba ce da ake kira ABS, wadda rana take mayar da ita rawaya, kuma gogar yatsa take sa ta ƙyalli in an daɗe ana bugawa.

Ina cikin wannan ɗan ƙanwata ya shigo, wanda yake koyon aikin kwamfuta a wurina. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi kwanon, ya ce, "Kawu, tun da kowane yana aiki lafiya, me zai hana a bar ɗaya a tebur har ya gaji, sauran su huta a adaka?"

Na ce masa ya buɗe jaka ta uku ya gani da idonsa, ban kuwa san amsar da ke jiran mu a ciki ta fi wadda na yi niyya ba. Ƙaramin nan ne maras waya, mai aiki da Bluetooth. Da ya ɗora shi a kan tabarma sai muka ga yana rawa, bai zauna daram ba, da na juya shi kuma na ga bayansa ya tasa kamar gurasa. Batirin ciki ne ya kumbura. Na duba littafin da nake rubuta ranar shiga da fitar kowane, na ga tun watan Maris ban taɓa shi ba, kuma na tuna a cike da caji na ajiye shi. Wato ya kwana bazara guda cur a ɗakin rufin kwano, a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi yake wuce digiri 40, alhali batirin litiyam ba abin da ya ƙi jini kamar a haɗa masa cikakken caji da zafi. Kamata ya yi a ajiye shi da caji wajen rabi, a riƙa dubawa duk bayan wata biyu. Na san wannan sarai, amma a zagayen Yuni da na Satumba na tsallake shi saboda ayyuka sun yi mini yawa, na ce ai a rufe yake, ba abin da zai same shi.

Abin ya dame ni matuƙa, domin da ya kama wuta a cikin adakar da ba kibod kaɗai zan rasa ba. Muka kwance sukurorin bayansa a hankali, na zare ƴar wayar batirin, na ɗaga shi da katin roba don kada ƙarfe ya huda shi, na sa shi a cikin gwangwani mai yashi na kai bayan gida inda yara ba sa zuwa. Da muka jona kibod ɗin da kwamfuta ta waya sai ya kama aiki sumul, na gode wa Allah. Yaron bai sake maimaita tambayarsa ba, ya ɗauki littafin ya rubuta abin da ya faru da hannunsa.

Bayan azahar na fito da wanda zai yi mini hunturun bana, wato IBM Model M, dattijon cikinsu. Irinsa ya fara fitowa a 1985, nawa kuma takardar da ke manne a bayansa ta nuna an ƙera shi a 1989 a Greenock ta ƙasar Sikotilan. Na same shi a cikin tarin tsofaffin kayan ofis a nan garin, mai kayan yana shirin sayar da shi a kilo. Nauyinsa ya kai wajen kilo 2, saboda farantin ƙarfen da ke cikinsa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai sifirin a tsaye wanda yake lanƙwashewa in an danna, ya buga wata ƴar guduma a kan shimfiɗar da ke ɗauke da hanyoyin wuta, kuma wannan shimfiɗa a rufe take can ƙasa, ƙura ba ta kai mata da sauƙi. Ba mai a cikinsa da yashi zai manne wa, jikinsa na roba ne, hulunansa kuma na wata roba mai juriya ce da ake kira PBT, har yau haruffansu ba su goge ba. Kafin in jona shi sai da na girgiza shi a kusa da kunne, domin ƙusoshin robar da suka riƙe farantin sukan karye da tsufa, in sun karye kuwa ana jin su suna kacau-kacau a ciki. Ban ji komai ba. Na haɗa shi da ɗan abin da yake juya tsohon mahaɗinsa na PS/2 zuwa USB, fitilunsa uku suka ƙifta.

Akwai wahala guda a canjin nan da ba na ɓoyewa. Huɗu daga cikin kibod ɗina tsarin Turai ne mai babban maɓallin shiga, biyu kuma da suka zo ta Kano tsarin Amurka ne, masu siririn maɓallin shiga da dogon Shift na hagu. Jeren haruffa a cikin kwamfuta yake zaune, don haka na bar ta a kan AZERTY, jeren Faransanci da muka saba da shi a Nijar ko wane kibod na jona, kuma na ɗora ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kan maɓallin AltGr da ke dama da maɓallin tazara. Duk da haka yatsu sukan yi kwana biyu suna laluben wurinsu, musamman ƙaramin yatsan dama. Shi ya sa nake zaɓar Asabar, don in sami Lahadi ta sabawa kafin aikin mutane ya dawo hannuna.

Sauran ukun ban mayar da su haka nan ba. Kowane na jona shi na bi maɓallansa kaf, na buga shafi guda da shi, domin irin suwic ɗin da ke cikinsu, wato Cherry MX, in ya daɗe ba a taɓa ba yakan fara buga harafi biyu a dannawa ɗaya, ko ya ƙi bugawa sam. A mai shuɗin suwic na sami harafin K yana haka, na ɗiga masa alkol kaɗan, na danna shi kamar sau hamsin har ya warware. Ƴan ƙullin shan danshin da nake tarawa daga kwalayen takalma na cire su daga adakar na zuba a kwalba, sai watan Yuni za a sake bukatarsu.

Da magariba ta gabato hulunan sun bushe, na mayar da su, na zare wayar mai alminiyam na naɗe ta sako-sako, na sa shi a jakarsa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, tsohon nan mai ƙara ne ya dawo?" Na ce shi ne, ta ce to in riƙa rufe ƙofa in na yi dare, na amsa mata da to. Da shi nake buga wannan rubutu yanzu, kuma na ajiye ƙyallen da zan lulluɓe shi da shi in na tashi. A littafi na rubuta cewa za a sake buɗe adaka a tsakiyar Janairu a duba kowane, ba sai bazara ba, ranar Litinin kuma zan kai gwangwanin nan wurin mai gyaran waya in ji ko yana da batiri daidai girman wancan.