Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Zamana a Gindin Sikeli

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar mahaifinmu da komawarmu hannun Baffa, kuma niyyata ita ce in wuce zuwa labarin aurena na fari, amma wata magana da aka yi a wurin ɗaurin auren jikar Goggo ta tilasta mini dakatawa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa ya miƙe a gaban jama'a yana cewa ubansu ne ya tsaya mini tsayin daka har na zama malamin makaranta. Ban tanka masa ba domin taro ne na farin ciki, sai dai tunda ni nake riƙe da alƙalamin wannan tarihi, zan faɗi yadda abin ya kasance.

Na gama aji bakwai a 1972, na kuma ci jarrabawar shiga Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Hedimastanmu ya tako da ƙafarsa har zauren gidanmu domin ya yi wa Baffa albishir. Baffa ya saurare shi har ya kai aya, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya ce: "Malam, mun gode, amma alƙalami ba ya cika rumbu." Da wannan magana aka rufe zancen, kuma kakar gyaɗa tana kamawa ya ajiye ni a gindin sikelinsa.

Yaran yanzu ba za su gane matsayin gyaɗa a ƙasar Kano a wancan zamani ba. Baffa ɗan baranda ne, yana karɓar kuɗi daga hannun wani babban dillali mai lasisi a birni, yana saye a wurin manoma, a ɗinke buhuna da basilla, a loda wa manyan motoci zuwa Kano, inda ake jera su dala-dala kusa da layin dogo kafin jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas. Aikina shi ne duba sikeli da rubuta lissafi. Matan da suke kawo gyaɗa kaɗan a ƙwarya kuwa da mudu ake auna musu, kuma har yau ina ganin hannun yaron Baffa yadda yake kewaye bakin mudun da shi, gyaɗa ta yi tozo ta hau har kan damtsensa, tsohuwa tana kallo ba ta da bakin magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin da ya ce alƙalami ba ya cika rumbu, da alƙalamina yake sanin ribarsa.

A farkon 1973 aka canza kuɗi, fam da sule suka kau, naira da kwabo suka shigo. Fam guda ya zama naira biyu, sule guda kwabo goma. Baffa ya kasa riƙe wannan lissafi, ya ci gaba da ciniki da fam a bakinsa, ni kuma ina juya masa zuwa naira a takarda. Har ya koma ga Allah bai daina kiran kwabo goma sule ba. A shekarar ce kuma damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, Buzaye suka riƙa gangarowa daga Nijar bayan dabbobinsu sun ƙare. Inna ta sayar da tasoshinta na aure ta sayo mana dawa, kuma ban ga ko tiya guda ta fito daga rumbun Baffa zuwa ɗakinmu ba.

Sai bayan shekaru da yawa, ina da 'ya'ya uku, Goggo ta kira ni ɗakinta ta ce: "Ɗan nan, takardar kiranka ta zo har sau biyu, a adakar Baffanka ta tsufa." Ta roƙe ni in yafe masa, na ce na yafe, kuma na yafe ɗin, amma yafiya ba ta hana a faɗi gaskiya. Nasa 'ya'yan, har da mai jawabin wurin ɗaurin aure, babu wanda bai kai sakandare ba.

A 1975 darɓa ta sauka a gonaki, kuturtar gyaɗa ta biyo baya, ganye ya nannaɗe, aka tuge babu 'ya'ya. Daga wannan shekara cinikin bai sake komawa yadda yake ba, sikelin Baffa ya yi tsatsa a zaure, ni ma ya rasa aikin da zai ba ni. Da gwamnatin soja ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka shiga neman malamai ruwa a jallo, sai tsohon hedimastanmu ya rubuta sunana ba tare da ya shawarci kowa ba. Kuɗin motar da na tafi da shi na Inna ne, na ƙuli-ƙulin da take soyawa. Albashina na farko kuwa, buhun gero na saya na aika gidan Baffa, domin a lokacin rumbunsa babu komai a ciki.