Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Tagwayen Jos Suka Raba Gari

A makon jiya na tsaya a inda ni da yayana muka kama 'yar rumfa a kusa da kasuwar Taminus ta Jos, muna cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi a memori.

A Jos ba a yi wa P-Square, wato tagwayen mawaƙan nan, kallon baƙi. Nan aka haifi Peter da Paul Okoye a 1981, nan suka yi sakandare a St. Murumba, don haka ko dattijon da ba ruwansa da kiɗan Legas sai ka ji ya ce yaran garinmu ne. Da suka rabu a 2017, Peter ya koma Mr P, Paul ya zama Rudeboy, sai rumfarmu ma ta dare gida biyu.

Dole na buɗe musu folda daban-daban a kwamfuta. Wani ɗan acaɓa ya miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi ya ce, "Zuba min Rudeboy zalla, kar ka haɗa min da wancan ɗan rawar." Haka ake kiran Peter a bencinmu. Wai Paul ne mai murya da rubutun waƙa, shi kuwa ƙafa kawai gare shi. Wasu har matarsa suke ɗora wa laifi, kamar da su aka yi zaman.

Yaya na cikin masu wannan ra'ayi. "Kai Ƙanina, tagwaye ba sa rabuwa a ga daidai. Yaron nan ya butulce."

Ni dai Peter nake goya wa baya, kuma ba don waƙoƙinsa ba, gaskiya na Paul sun fi shiga kunne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tun 2016 ya fito fili ya ce ba ya son babban wansu Jude ya ci gaba da zama manajansu. Mu kuma a rumfa, gwangwanin madarar da muke tara ciniki a ƙarƙashin tebur yake, Yaya ne kaɗai ke buɗe shi. Wata goma sha ɗaya ina zama daga safe har isha'i, ban taɓa jin lissafi ba.

Wani dare muna naɗe wayoyin caji, na ce, "Yaya, nawa muka tara ne?"

Ya ajiye wayar hannunsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Au, kai ma Mr P ka koma?"

Abin da Inna ta yi da maganar ta isa gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.