Sarkin Kyanwoyi a Gurbin Sauron

Mako uku ke nan ina fama da The Book of Lost Tales, labaran da Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya soma rubutawa bayan zazzaɓi ya dawo da shi gida daga fagen daga na Somme, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1916. Ɗansa Christopher ya fitar da su a 1983 da 1984.

Wallahi akwai wuya. Turancin tsoho ne tukuf, sunaye na sauyawa, wani labarin ma ya yanke a tsakiya. Amma da na iske Tevildo, sarkin kyanwoyi, a gurbin da Sauron, babban mugun The Lord of the Rings, ya gada daga baya, sai na ajiye littafin na yi tagumi. Ashe Beren ma, jarumin labarin da Tevildo ke ciki, wanda daga baya ya zama mutum, a lokacin ba ɗan Adam ba ne! Faɗuwar Gondolin kuwa, ɗaya daga cikin labaran, sau biyu na karanta ta a dare ɗaya.