Jaridar da Ke Cikin Akwatin Kaka

Jiya da la'asar a Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, ina taya Kaka gyara akwatinsa, na ci karo da tsohuwar jarida da ya naɗe tasbaharsa a ciki, ɗauke da hoton Omar al-Bashir, tsohon shugaban Sudan, da Hassan al-Turabi, malami kuma ɗan siyasa, kafaɗa da kafaɗa. Ya ce mini, "Jikana, tare suka ƙulla juyin mulkin 1989." A Disambar 1999 Bashir ya rushe majalisar da Turabi yake shugabanta, a 2001 kuma ya tsare shi. Abin ya tsaya mini a rai, wallahi, domin ban gane yadda kujera take sa mutum ya rufe wanda suka ci kwano ɗaya ba. Kaka ya karɓi tasbaharsa, ya bar mini jaridar.