Samaru, Inda Irin Shagona Yake Fitowa

Sana'ata sayar da irin shuka da maganin feshi a Kano. Na daɗe ina auna wa manoma SAMMAZ da SAMNUT da SAMPEA, wato ire-iren masara da gyaɗa da wake na Samaru ta Zariya, amma ƙafata ba ta taɓa taka inda ake samar da su ba. Ɗan ƙanwata da ke digiri na biyu a fannin ƙasar noma a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya matsa mini. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce, "Kawu, da gumin Samaru kake cin tuwo, ka zo ko gaisuwa ka yi musu." Da kaka ta kama ciniki ya ja baya, sai na bar wa yara shago na nufi Naibawa.

Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce dama da hagu, ruwan Tiga na bin magudanai. A Kadawa akwai gonar gwajin noman rani ta cibiyar binciken aikin gona da zan je, ka ga ke nan tun ban fita jihar Kano ba na shiga hurumin jami'ar. Muka wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, masara shanye a bakin titi, mata na sheƙa. Kafin azahar muna Kwangila a Zariya. Nan yaron ya tare ni, muka hau bas ta Samaru.

Muna wuce Hanwa ya taɓa ni ya ce in dubi unguwar. Ni dai gidaje da shaguna na gani. Ya ce a 1966 ƙauye ce, kuma tana cikin ƙauyuka uku, da Doka da Dan Mahawayi, da wani masanin tattalin arziki mai suna David Norman da ma'aikatansa suka bi manoma gona-gona suna rubuta aikin da suka yi da abin da suka girbe. A lokacin malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne, so suke kowa ya shuka abu ɗaya a layi. Da aka buga lissafi sai ya nuna manomin da ya haɗa ya fi samun riba a kan kowace eka, kuma ko damina ta yi gardama ba ya tashi hannu rabbana. Wannan bincike ya yi nisa a duniya, ya taimaka wajen sauya yadda masana ke kallon ƙaramin manomi. Abin ya yi mini daɗi. Kakana bai san boko ba, amma haka yake shuka gonarsa, kuma sai da aka tashi Bature da takarda da biro kafin a yarda yana da hujja.

Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda kowa ke kira IAR, ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba. A 1922 aka fara aikin bincike a Samaru, ita kuwa jami'ar sai a watan Oktoba na 1962 aka buɗe ta, aka haɗa cibiyar da ita. Filayen gwajin sun ba ni mamaki. Ƙananan fegi ne jere, kowanne da ɗan allo mai lamba, wasu kawunan dawa an rufe su da jakar takarda don kada iska ta kawo musu garin furen wata. Wani ma'aikaci da muka tarar yana ƙirga kwanson wake ya yi mini bayanin yadda abin yake. A auri wannan iri da wancan da hannu, a shuka 'ya'yan, a zaɓi na kirki a watsar da sauran, a sake shukawa, haka damina bayan damina. Wanda ya tsira a kai shi wurare daban-daban a gwada, sannan gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince a ba shi suna da lamba. Daga nan ɗan irin da ke hannun mai bincike ake yaɗawa ya zama irin tushe, kamfanoni su yaɗa shi ya zama wanda ake ƙullawa a leda. Na tuna yadda manomi ke tsayawa a gaban teburina yana neman ragin naira ɗari biyu, na yi shiru.

A wajen gyaɗa na fi daɗewa. Duk Bakano mai shekaru ya san yadda dalar gyaɗa ta ɓace, kuma yawanci man fetur ake ɗora wa laifi. Yana da nasa kason, fari ma haka. Amma a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa, manoma da yawa suka yi fushi da gyaɗa suka koma masara da dawa. Aikin da aka yi a Samaru tare da ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, shi ya fito da ire-iren da ke jure cutar, irin su SAMNUT 21 da 22 da 23, daga baya SAMNUT 24 mai saurin nuna. Wannan ta ƙarshen na sayar da ita ba adadi, kuma sai a ranar na san yaƙin da aka yi kafin ta iso buhuna.

Sai waken da ake ta ce-ce-ku-ce a kansa, SAMPEA 20-T. An amince da shi a ƙarshen 2019, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. An sanya masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar da ke huda fure da kwanso, tsutsar da idan ta samu sake takan cinye mafi yawan amfanin gona. Manomin da ya saba feshi sau shida ko takwas, da wannan sau biyu ya wadatar. Yaron ya kalle ni yana dariya ya ce, "Kawu, wannan fa kasuwar maganinka zai taɓa." Na ce ya taɓa ɗin. Na ga yaran da ke goya famfo a baya ba takunkumi ba safar hannu, su dawo ido jajur suna tari. Masu adawa da irin da aka sauya wa halitta suna da tambayoyinsu, musamman tun da aka fitar da masarar TELA a 2024, kuma a ganina amsa ta kamace su da Hausar da manomi zai gane, a rediyo da dandalin ƙauye. Tsawa ba ta gamsar da kowa.

Da yamma muka tsallaka cikin babbar harabar. Na zaci noma ne kawai zai burge ni, ashe da sauran kallo. Abokin ɗakin yaron, mai karatun fiziks, shi ya ba ni labarin Cibiyar Binciken Makamashi da tukunyar nukiliyarta, wadda ta fara aiki a 2004, ta farko a Najeriya. Gabana ya faɗi, na ce nukiliya a Samaru, kusa da kasuwa? Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ƙarfinta kilowat 30 ne, ko janaretan babban ɗakin biki ya fi ta." Ba ta ba da wutar lantarki. Ana saka ɗan ƙwayar samfuri a ciki, na ƙasa ko dutse ko hatsi ko maganin gargajiya, sai ta bayyana sinadaran da ke ciki komai ƙanƙantarsu. Ƙirar Sin ce, kuma a 2018 an sauya mata makamashi zuwa mara ƙarfi, tsohon aka mayar wa Sin. Masu neman ma'adinai da masu binciken ƙasar noma duk suna amfana da ita.

Sashen zane-zane kuwa mutum-mutumi ne tsaye a fili ƙarƙashin itatuwa, na siminti da na ƙarfe. Tun kafin a kafa jami'ar, a 1958, ɗaliban kwalejin da ke wurin irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce zanen ɗan Najeriya ya tashi daga al'adun gida. Ban da ido a wannan fanni, na dai duba na wuce. Dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da siffar ɗakunan gargajiya zagaye da fili ya fi shiga raina.

A Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yaron ya nuna mini inda ake ajiye kundayen digiri, masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Likitanci, shari'a, injiniyanci, magunguna, harsuna, tarihi, kowanne wani ya ƙone shekarunsa a kai. A nan na ga bambancin fannoni. Mai binciken iri yana da hanyar da aikinsa zai bi ya fita ƙofa: kamfani, dillali, shago irin nawa, sai gona. Wanda ya yi bincike kan ruwan rijiyoyin wata unguwa ko cutar da ke kama yaran wani ƙauye ba shi da dillali. Sai dai in wani mai iko ya ga dama ya buɗe kundin, kuma a jami'o'in ƙasar nan kaf wannan ce matsalar.

Tarihi ya fita daban, don shi ya samu masu kai shi kasuwa. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya kafa sashen, ya sa aka bi gari-gari ana tattara rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina da irin waɗannan takardu da bakin dattawa, ya ƙi yarda da cewa tarihinmu faɗan ƙabilu ne kawai. Har ya rasu a 2005 bai bar abin da ya sani a kan kanta ba, yana jarida yana taro yana gardama da masu mulki.

Washegari muka ƙarasa Shika, gaba kaɗan a hanyar Funtuwa, inda asibitin koyarwa yake da kuma cibiyar binciken dabbobi, wadda ta samo asali daga gonar kiwo ta 1928. Bunaji da Bokolo na kiwo a fili, ga tumaki 'Yankasa da Uda da Balami, ga jajayen awaki. A nan aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, wadda aka zaɓo don ta jure zafinmu. Mun sha nono mai sanyi a tsaye, yaron na sauri don yana da awon samfurin ƙasa da rana.

A bas ɗin dawowa ya ce mini takardun da Abdullahi Smith ya fara tarawa, da yawa irinsu suna Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, kuma ita ma ta jami'ar ce. Na kira shago aka ce lafiya lau, ba wani ciniki. A Kwangila na sallame shi da ɗan abin sayen sabulu, na tsallaka titi na shiga motar Kaduna.