Sai da Na Sayi Maratayi Uku Kafin Na Dace

Ranar da na karɓi bindigar farautata, hankalina gaba ɗaya yana kan madubin saiti da harsashi. Maratayi kuwa, wanda idona ya fara faɗawa a kai na ɗauka: wani mai faɗi, mai soso a wajen kafaɗa, an yi shi da robar nan mai talewa. Na shafa na ji laushi, na ce shi ke nan. A zatona igiya ai igiya ce.

A wajen ɗauka dai bai ba ni kunya ba. Bindigar da madubinta ta kusa kilo 4, kuma sai wanda ya yini da ita a kafaɗa zai gaya maka yadda kilo 4 ke komawa kamar 10 idan la'asar ta yi. Soson ya rage mini wannan azaba, robar kuma tana kama riga, ba ta zamewa. Abin da ya dame ni kawai shi ne duk takun da na yi sai bindigar ta yi rawa a bayana.

A filin koyon harbi asirinsa ya tonu. Ina zaune a ƙasa ina auna allo a nisan mita 100, bakin bindiga sai yawo yake yi, wani dattijo da ke gefena ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Ɗana, wannan igiyar da ke reto a ƙasa, me ka ajiye ta tana yi maka?" Na ce, "Ai ta ratayawa ce, Baba." Ya yi murmushi ya ce in cire harsashi in tashi. Ya sa na zura hannun hagu tsakanin bindiga da maratayi har ya wuce gwiwar hannu ya kai damtse, sannan na zagayo da wuyan hannu ta ƙarƙashin igiyar na kama katakon gaba. Ya ce in buɗa gwiwar hannun waje kaɗan har igiyar ta ɗaure. Na buɗa, robar ta biyo ni. Na ƙara, ta ƙara biyo ni. Laushin nan da na saye shi dominsa, shi ne ya hana shi tallafe komai.

Sai ya miƙo mini tasa bindigar. Maratayinta na fata ne, tsoho, ya yi baƙi don man hannu, irin wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1907, suka yi yaƙin duniya biyu da shi a kan bindigoginsu na Springfield da Garand. Fata biyu ne haɗe da ƙugiyoyin ƙarfe, da wasu ƙananan zobba na fata masu matse madaukin. Ya zura mini hannu a madaukin, ya tura shi can sama kusa da hammata, ya ja zobban suka matse. Da na zauna na kafa gwiwar hannu a kan ƙafata, sai na ji kamar an kafe bindigar a jikina. Dalilin ba wani sihiri ba ne. Tsoka tana gajiya ta yi karkarwa, ƙashi da fata ba sa yi. Damtse da hannu da igiya sun zama kusurwa uku, nauyin ya tashi daga kan tsoka ya koma kan ƙashi. Shi ya sa amfaninsa ya fi fitowa a kwance ko a zaune ko a durƙushe, inda gwiwar hannu ta sami wurin dogara. A tsaye, taimakon da yake yi bai taka kara ya karya ba.

Kafin mako ya zagayo na sayi irinsa. A fili ya yi mini rana sosai, harbina ya taru wuri ɗaya. A daji kuma labari ya sha bamban, domin dabba ba za ta tsaya ta jira ka gama zura hannu da jan zobba ba. Ga nauyi, ga shi idan ruwa ya jiƙa shi sai ya saki, ya bushe kuma ya sandare sai an shafa masa mai. Idan na matse madaukin da yawa, bugun zuciyata nake gani a madubi, saiti na ɗagawa yana sauka.

Akwai kuma wani abu da ya kusa sa ni zargin madubin a banza. Duk lokacin da na ɗaure maratayin tamau, harsashi sai ya sauka ƙasa kaɗan ta gefen hagu, alhali idan na ɗora bindigar a kan buhun yashi daidai take bugawa. Na yi ta murɗa saiti ina mayarwa. Daga baya na gwada zura takarda tsakanin bututun bindiga da katakon gaba. Ba ɗaurin maratayi, takardar ta wuce sumul. Da ɗauri, ta maƙale. Ashe jan igiyar ne ke lanƙwasa katakon yana taɓa bututu. Aka ɗan rarake cikin katakon, ni kuma na koyi ɗaure shi da ƙarfi iri ɗaya kullum, kuma na daidaita saiti a yanayin da zan yi harbin.

Na leƙa sauran nau'o'in ma. Mai maƙali ɗaya, wanda ke rataye bindiga a ƙirji, na ara na rabin yini na mayar: an yi shi ne don gajerun bindigogi, doguwa kuwa da ka sake ta sai ta yi ta dukan gwiwa. Mai maƙali uku igiya ta yi masa yawa, har tana tare hanyar hannun ɗana harsashi. Wanda ya ba ni sha'awa shi ne wanda wani Ba'amurke mai suna Eric Ching ya ƙirƙiro a 1986, Jeff Cooper, wani shahararren malamin koyar da harbi, ya yayata shi, domin madaukinsa a buɗe yake, zura hannu kawai za ka yi. Amma yana buƙatar maƙali na uku a tsakiyar katako, ni kuma zuciyata ba ta ba ni in huda bindigata ba.

Darasin da ya fi tsorata ni ba a igiyar yake ba, a ƙusar da take maƙale ne. Wata safiya ina hawan gangare, bindiga a kafaɗar hagu bakinta a ƙasa, yadda nake yi idan ana yayyafi ko ina ratsa rassa, sai na ji kafaɗata ta yi sakayau. Ƙusar gindin ce ta warware a hankali ban lura ba, bindigar ta nutsa da baki cikin laka. Allah ya taimake ni ban ɗana harsashi ba. Farautar ranar ta ƙare a nan, don ba mai hankalin da zai harba bindigar da bututunta ya toshe. Tun daga lokacin, ba na fita sai na murɗa ƙusoshin biyu da yatsa na ji sun kama.

Na ukun shi ne a jikinta yanzu: nailan mara talewa, mai maƙali biyu, faɗinsa inci 1.25 daidai da zobban bindigar, da ɗan harshe da nake ja ya tsuke ko ya saki da hannu ɗaya. Ba shi da soso, don haka kafaɗa tana ɗan ji a jika da yamma, kuma bai kai na fata kafewa ba. Na yi masa alama da zare a tsawon da ya dace da riga mai kauri, wata alamar kuma ta riga mara nauyi. Da daddare nakan duba in tabbatar bindigar ba komai a ciki, in sauke ta daga kafaɗa, in zura hannu, in durƙusa, sau goma ko fiye. Na fatar yana rataye a ƙusa, sai ranar zuwa fili nake sauko da shi.