Yadda ake naɗar hira da dattijo mai sana'a: misali daga marinar Ƙofar Mata

Tambaya ɗaya ce ke kashe yawancin hirarrakin da ake yi da masu sana'ar gargajiya: "Baba, a ba mu tarihin wannan sana'a." Marinin Ƙofar Mata a Kano ya sha jin ta daga bakin 'yan jarida da baƙi masu yawon buɗe ido, amsar kuma tana nan a shirye: an kafa marinar a 1498, gado ce, yanzu kasuwa ta ja baya. Wannan kowa zai same shi a intanet. Ilimin da ba a rubuta ba yana hannunsa da idonsa da hancinsa, kuma ba ya fitowa sai an zauna da shi a bakin aiki.

Zuwan farko na gaisuwa ne, kada ma ka ciro waya. Nemi wanda ya san shi ya kai ka, ka fara da shugaban wurin, ka riƙe ɗan goro. Faɗi ko kai wane ne, me za ka yi da maganar, wa zai ji ta. Sai ku sa rana. Hantsi ya fi, kafin rana ta take. Ka bar Juma'a, kada kuma hirar ta ci lokacin salla. Minti 40 zuwa 45 ya isa zama ɗaya. Zama uku gajeru sun fi dogo guda, domin dattijo yakan kwana yana tuno abin da ya manta.

Wayar hannu ta wadatar in an kula da ita. A sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗi. Ƙasanta, inda makirfo yake, shi zai fuskanci mai magana, tazarar kamar taƙi ɗaya zuwa biyu daga bakinsa. Da hunturu a sanya mata safa mai tsabta, tana rage bugun iska. Awa guda a tsarin WAV, wato naɗin murya da ba a matse ba, tana cin kusan megabait 300, a duba wuri tun daga gida. A yi gwajin minti ɗaya, a saurara da abin kunne. Kunnen mutum yana tace ƙarar janareta da ta Keke Napep da bugun mabuga, waya ba ta tacewa. In sun yi yawa a matsa. Farkon abin da zai shiga naɗin shi ne kwanan wata, da wuri, da amincewarsa da bakinsa.

Akwai wata matsala tamu ta Hausawa. Mun saba da amshi: "na'am", "haka ne", "ikon Allah". Wanda ya yi gum ana magana sai a ɗauka raini ne, amma amshin yana hawa kan muryar dattijo ya ɓata ta. Gaya masa tun farko cewa za ka riƙa gyaɗa kai ne don muryarsa ta fito fes. Matasa kuma za su taru, wani ya riƙa amsawa a madadinsa. Kada ka kore su, ka yi musu alkawarin nasu zaman daban, ka kuma cika.

Yanzu tambayoyin. Fara da abin da ke gabanku. Ga shi ya tsamo ƙyalle daga rijiyar rini, ya fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi. Nan ne wurin tambaya: tsomi nawa ake yi kafin a kai wannan duhun? Me kuke jira tsakanin tsomi da tsomi? Da me kuke gane ruwa ya nuna, kumfarsa ce ko warinsa? In ya ce ana zuba ganyen baba da toka da kanwa, kada ka wuce. Tokar wane ice? Kwano nawa? Wane kwano? A nuna maka shi, ka ɗau hotonsa kusa da wani abu da aka san girmansa, domin kwanon wannan gari ba na wancan ba ne.

Tambayar da ta fi kowacce albarka, a ganina, ita ce ta ɓaci. "Baba, me ke lalata ruwan rini? In ya mutu ana iya tashinsa? Wane kuskure sabon yaro ya fi yi?" Yadda ake yi kowane ɗan koyo zai iya jero maka. Yadda abu ke ɓaci da yadda ake ceto shi, sai wanda ya taɓa yin asara. Duk kalmar da ba ka sani ba, karofi ce ko katsi ko laso, tsaya a kanta: ya maimaita, ya nuna, ya faɗi abin da ake yi da ita. In ya ce wannan sirrin gida ne, a bar shi nan. Matsawa ba ta kawo sirrin, sai dai ta rufe sauran hirar.

Shekaru kuwa, tsofaffi da yawa da abin da ya faru suke lissafi. Riƙe 'yan alamomi a ka: Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Ado Bayero ya hau a 1963, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi a 1972, naira ta maye fam a 1973, rikicin Maitatsine a 1980. "Lokacin canjin kuɗi kun fara shiga marina?" ta fi "a wace shekara?" nesa ba kusa ba. Sai dai a tantance wane canjin, don an sake wani a 1984.

Maganar asali a bar ta sai zama na biyu ko na uku. "Daga ina kakanninku suka taso?" ta isa, shi zai zaɓi inda zai tsaya. Akwai gidajen da tarihinsu ya taɓa bauta ko ƙaura ta dole, kuma ba hurumin baƙo ba ne ya tono. Ka tuna da alkunya: yana iya ƙin kama sunan ɗansa na fari, tsohuwa ta ƙi kama na mijinta. Nemi sunan daga wani a gefe. Matan da ke ɗaurin zanen a cikin gida su ma rabin sana'ar ne, kuma hira da su ta fi sauƙi in mace ce ta shiga, da izinin mai gida.

A ranar ka kwafe naɗin zuwa wuri biyu, ka sa masa suna da kwanan wata. Rubuta naɗin awa guda yana cin awa huɗu zuwa shida. Rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa, kada ka mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Kalmomin da suka shige maka duhu ka jera su a takarda, ka koma da su tare da kwafin muryarsa a katin memori, ku saurara tare ya gyara maka.